Kwalba a Bakin Taga

Mijina Amílcar ya tare kwarin nan da taraktar aro
shekarar da na haifi auta.
Jar laka bisa jar laka, yana dannewa,
har rafi ya gaji ya zauna.
Bai nemi takardar kowa ba.
Ya ce ƙasa tasa ce, ruwan sama kuwa ba shi da ubangida.

Shekara talatin da ɗaya muna cin albarkacin maganar nan.
Lemo ya yi, zaitun ya yi,
tumaki suka huta da doguwar tafiya
a Agustan da ke toya Alentejo kamar tanda.

Sai ga yarinya daga Beja ran Talata,
Injiniya Zulmira, da takalmin roba da igiyar awo,
ko sa'ar autata ba ta kai ba.
Na miƙa kofi, ta ce tukuna.
Ruwan da kowa ke yabo, ko kallo bai ishe ta ba.
Bayan ganuwar ta gangara,
inda ciyawa ta yi shar a tsakiyar rani,
ta ce, Dona Graciete, wannan koren ba na alheri ba ne.

Ta danna diddige, ƙasa ta yi luntsum.
Ta ƙirga ramukan zomaye, tara.
Ta dafa ɓauren da ya tsiro a kafaɗar dam ɗin:
saiwa in ta ruɓe, hanya take bar wa ruwa.
Sannan ta tsaya kan katako uku
da aka gitta a bakin mafitar ambaliya
don a ƙara riƙe ruwa taki guda.
Na san su.
Ni na riƙe masa ƙusoshin.

Raina ya ɓaci.
Mutum yana kabari, a zo ana bin aikinsa da biro.
Na ce, shekara talatin ko tari bai taɓa yi ba.
Ta ce, ganuwar ƙasa ba ta tari, Dona,
sau ɗaya take magana.
Ta nuna gangare da haɓa:
rufin Custódio, amyoyin zumansa,
igiyar shanya cike da ƙananan riguna.
Na ce, minti nawa?
Ta ce, shida. In an yi sa'a, bakwai.

A cire katako kafin ruwan Oktoba, a sare ɓaure,
a yi rajista, a rage ruwa mita ɗaya.
Mita ɗaya.
A takardarta layi ne guda.
A gonata sahu huɗu ne na lemo da za su mutu a tsaye.

Da za ta tafi ta roƙi tsohuwar kwalbar zuma.
Kullum da safe ki tari abin da ke tsattsafowa.
In ya fito garau, ki rubuta, ki kama harkarki.
Ran da ya yi jaja-jaja,
dam ɗin ne da kansa ke ficewa cokali-cokali.
Kada ki tsaya neman takalmi.
Ki kira Custódio kafin ki kira ni.

Katakon da hannuna na ɓamɓare,
ƙusoshin sun yi tsatsa, sun yi min gardama irin ta mai su.
Ɓauren, Custódio ya zo da zarto.
Na fara kame-kamen yi masa bayani,
ya ce, bari, Graciete, na daɗe da sani.
Ashe duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi
da takalmi yake kwana, makullin mota a aljihu,
jikoki a ɗakin da ya fi kusa da ƙofa.
Shekara nawa?
Ya ce, Amílcar ya shayar da tumakina a fari biyu,
da wane baki zan yi ƙorafi?
Ya ci gaba da yanka.

Yau kwana arba'in da uku a littafin.
Kwalba na bakin taga, rana na ratsa ta.
Garau.
Sai dai akwai wani ɗan ɗigo a gindinta,
ko ƙurar ɗaki ce, ko laka, ban sani ba.
Na ajiye wayar kusa da ita.
Kofina ya huce.
Ina jira ruwan ya kwanta.